Zoom na tsinkewa a shagona alhali intanet na nan: wa ya iya saitin fifiko a fayawol?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da matsala na zo, tun makon jiya take ci mini tuwo a ƙwarya. Ina da shagon kwamfuta a Samaru, kwamfutoci 14 da Wi-Fi na kwastomomi, yawancinsu ɗalibai ne masu rubuta furojet. Intanet ɗina ta rediyo ce, faranti a kan rufi, megabit 20 na saukewa, 5 na ɗorawa. Ranar Alhamis wata malama ta kama ɗakin ciki na awa biyu, za ta kare digirinta ta Zoom, ɗaya daga cikin masu jarraba ta yana ƙasar waje. Minti ashirin na farko lafiya lau. Can sai murya ta fara gutsurewa, hoto ya daskare. Na leƙa na tarar ta danne abin kunne da hannu biyu, goshinta duk zufa, tana ta maimaita "kuna ji na?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Bayan ta tafi na auna gudu, na ga 19 da 4.8, wato komai daidai. Daga baya na gano wani yaro ne a kwamfuta ta shida yake ɗora bidiyon biki mai nauyin gigabait 2 a Google Drive. Akwatina MikroTik hEX ne, shi ne rauta mai raba intanet ga kwamfutoci, shi ne fayawol mai tace abin da ke shiga da fita. An ce akwai saitin QoS da ake fifita kira a kan sauran zirga-zirga. Ta ina zan fara? Za ta dawo nan da mako biyu, kuma na yi mata alkawari.

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Oga, megabit 5 ga mutum 14 da wayoyinsu? Ka ƙara kuɗi a ƙara maka gudu, ko ka sayi Starlink ka huta. Tun farkon 2023 yake aiki a Nijeriya, mutane da yawa sun koma can.

Baban Khalifa: Ƙanina, ka san nawa awa ɗaya take a shagona? Ga man janareta, ga batirin inbata da ya fara gajiya. Da da hali ai ba zan tsaya tambaya ba.

Injiniya Maman Aisha: Malam, sannu da wannan tashin hankali. Kafin ka kashe ko kwabo, yi mini gwaji ɗaya. Buɗe taga a kwamfuta ka sa ping zuwa 8.8.8.8 ya yi ta tafiya. Ka rubuta lambar da kake gani, wato milisakan nawa saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, sa'ad da babu kowa a shago. Sannan ka fara ɗora babban fayil daga wata kwamfutar, ka sake duba lambar. Ka kawo mana su biyun.

Baban Khalifa: Na yi yanzu, Hajiya. Babu kowa: tsakanin 42 da 50. Da na fara ɗorawa: 700, 850, wani lokaci ya wuce 1000, har da guda biyu da suka ɓace gaba ɗaya.

Injiniya Maman Aisha: To ga ciwon nan a fili. Ba ƙarancin gudu ba ne ya kunyata ka, cunkoso ne a bakin ƙofa. Bari in warware.

Duk abin da ke fita daga shagonka ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi, mafi girma yakan kai bait 1500. A hanyar megabit 5, ƙunshi ɗaya irin wannan yana ɗaukar milisakan 2.4 kafin ya wuce. Kwamfutar yaron nan tana haɗe da akwatinka da kebul mai gudun megabit 100 ko 1000, saboda haka tana zuba ƙunshin da ya fi ƙarfin hanyar nesa ba kusa ba. Rarar ba zubar da ita ake yi nan take ba, rediyon da ke kan rufinka yana da rumbun jira, yana tara su a layi. A ce rumbun yana cin kilobait 256 kawai: kafin ya zazzage a megabit 5 sai an yi kusan milisakan 400. Naka da alama ya ninka haka.

Ita kuwa muryar malamar 'yan ƙananan ƙunshi ne, galibi ɗaya duk milisakan 20. Ba su da nauyi ko kaɗan, amma ba sa jure jira. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa hira tana tafiya daidai in jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba. Ita tata muryar tana tsaye bayan ɗaruruwan ƙunshin bidiyon biki, tana jiran kusan sakan guda. Kamar mai neman kofi ɗaya na ruwan sha ne ya tarar da 'yan garuwa goma da kurarsu a bakin famfo.

Turawa na kiran wannan cuta bufferbloat, wato kumburin rumbu. Jim Gettys ne ya yayata sunan wajen 2010. Kuma ina faɗa wa Ɗan Kwangila: ko an ninka masa zuwa megabit 10, ɗora fayil zai cinye su duka, domin haka TCP, tsarin da ake tura fayil da shi, yake: yana ƙara gudu har sai ya cika hanya. Lokacin wahalar ne kawai zai ragu.

Ɗan Kwangila: Na ji, Anti. Amma ai da hanya mai faɗi sosai ba a cika ta da sauƙi.

Injiniya Maman Aisha: Gaskiya ne, in ta yi faɗi ƙwarai. Amma maganin da yake nema yana cikin akwatin da ya riga ya saya.

Sarkin Kebul na PZ: Ni shawarata gajera ce. Toshe TikTok, YouTube da Google Drive a fayawol, shi ke nan. Haka na yi wa wani ofis a Sabon Gari, tun daga ranar ba su sake kira na ba.

Baban Khalifa: Haba Sarki. Ofis daban, shago daban. Ɗalibi ya biya kuɗi don ya tura wa malaminsa furojet ta Drive, in ce masa a toshe yake? Gobe ba zan ga ƙeyarsa ba.

Malam na Kongo: Ni ma ban goyi bayan toshewa ba. Ga abin da na yi a wurin aikinmu shekara biyu da suka wuce. A ɓangaren mangle na fayawol, inda ake yi wa ƙunshi alama, na sa wa ƙunshin Zoom alama ta lambobin ƙofofin da yake bi a UDP, tsarin da kira ke tafiya da shi: 8801 zuwa 8810 da kuma 3478 da 3479. Na gina bishiyar layi: kira fifiko na 1, buɗe shafuka na 4, sauran tarkace na 8. A MikroTik 1 ne sama, 8 ne ƙasa, mutane kan juya wannan. Na ware wa kira rabon da ba a taɓawa, megabit 2, domin Zoom da kansu sun ce hoton 720p tsakanin mutum biyu yana neman kusan megabit 1.2 kowane ɓangare. In Teams na Microsoft ne, ƙofofinsa UDP 3478 zuwa 3481 ne.

Baban Khalifa: Malam, Allah ya saka. Jiya da dare na bi wani bayani mai kama da wannan, na sa fifiko, amma ban ga canji ba. Ƙididdigar layukan ma sifili take nunawa, kamar babu abin da ke bi ta cikinsu.

Malam na Kongo: Sifili? Shiga dokokin fayawol ka duba ko akwai doka mai suna fasttrack.

Baban Khalifa: Akwai. Tana can sama, ban taɓa taɓa ta ba, da ita akwatin ya zo.

Malam na Kongo: To ita ce. FastTrack hanyar ratse ce da aka yi don a sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwar akwatin aiki: da zarar an amince da haɗi, sauran ƙunshinsa suna tsallake yawancin dokoki, har da alamomin da ka sa da layukan da ka gina. A rubuce yake a bayanan kamfanin. Kashe dokar, sannan ka sake kunna akwatin don tsofaffin haɗe-haɗe su mutu. Kada ka ji tsoron nauyi, hEX yana da ƙwaƙwalwa mai kai biyu a 880 MHz, megabit 20 ba komai ba ne gare shi.

Injiniya Maman Aisha: Malam na Kongo ya kama ɓarawo ɗaya. Saura na biyu, kuma shi ya fi girma. Baban Khalifa, iyakar gudu nawa ka rubuta a uwar layin, wadda sauran layukan suke ƙarƙashinta?

Baban Khalifa: Ban rubuta ba. Na bar shi a buɗe, don kada in rage wa kaina abin da na biya.

Injiniya Maman Aisha: Nan ne kusan kowa yake faɗuwa, kuma shi ne abin da nake so a riƙe ko da an manta da sauran. Fifiko ba ya aiki sai a inda layi yake. In akwatinka yana tura komai da gudun kebul zuwa rediyo, to a wurinsa babu layi, ƙunshi na zuwa yana wucewa, ba shi da wanda zai ce wa "dakata" ko "wuce gaba". Layin yana can a rediyo ko a hasumiyar kamfanin, inda ba ka da ta cewa. Sai ka mai da akwatinka ya zama shi ne wuri mafi ƙunci a hanyar, sannan layin zai dawo hannunka. Ka auna 4.8, to rubuta 4.3. Ka auna 19, rubuta 17. Wajen kashi 90 cikin ɗari ke nan. Rabin megabit ɗin da ka sadaukar shi ne kuɗin sayen iko.

Kuma a san bambanci: a ɗorawa kai ne mai ƙofa, ikonka cikakke ne. A saukewa ƙunshin ya riga ya ratso hanyar kafin ya iso gare ka. Abin da kawai za ka iya shi ne ka jinkirta ko ka yar da wasu, don mai aikowa ya gane ya rage gudu. Yana aiki, amma ba kamar na ɗorawa ba, shi ya sa a can ake ɗan ƙara sassauta lambar.

Yaro Mai Linux: Salamu alaikum manya. In an ba ni dama, ni ina ganin zamanin ƙirga ƙofofi ya wuce. Yau Zoom, gobe kiran WhatsApp, jibi Google Meet, kowanne da nasa. Wani ma a nan zauren ya taɓa cewa a fifita UDP gaba ɗaya. Hatsari ne, domin YouTube da yawancin ayyukan Google yanzu ta QUIC suke bi, wato UDP ƙofa ta 443. Ka fifita UDP, ka ba bidiyo kujerar gaba da hannunka.

Akwai wani tsarin sarrafa layi, FQ-CoDel. Tushensa CoDel ne da Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar a 2012. Maimakon layi ɗaya, yana raba kowane haɗi da nasa layin, yana zagayawa yana ɗiban kowa. Haɗin da ke aiko kaɗan-kaɗan, irin murya, ba ya tara layi, don haka ana sallamarsa da wuri ba tare da an san sunansa ba. Wanda ya tara layi har jiransa ya daɗe sama da milisakan 5, ana fara yar masa da ƙunshi don ya lafa. CAKE ƙaninsa ne, ya shiga Linux 4.19 a 2018, kuma yana iya raba daidai tsakanin kwamfutoci, ba tsakanin haɗe-haɗe kawai ba. RouterOS 7, manhajar akwatin MikroTik, yana da su biyun. Layi ɗaya, iyakar gudu, nau'i CAKE, an gama.

Malam na Kongo: Ɗana, ba na musun ilminka. Amma bishiyata tana ba ni tabbacin megabit 2 na kira ko da mutum talatin suna ɗorawa. Naka rabon daidai ne: in kwamfuta goma suna ɗorawa lokaci guda a 4.3, kowa ya tashi da ƙasa da rabin megabit. Muryar malama za ta fita, hotonta kuwa zai dushe.

Yaro Mai Linux: Haka ne Baba, na yarda da lissafin. Amma sau nawa mutum goma suke ɗorawa tare a shago? Kuma CAKE yana da azuzuwan DSCP, ana iya haɗa biyun.

Hajiyar Tudun Wada: Don Allah ku sauko ƙasa. Mene ne DSCP kuma? Ina bin ku ne saboda makarantarmu.

Injiniya Maman Aisha: Hajiya, tambari ne da ake bugawa a goshin ƙunshi, gurbi ne mai bit 6 a bayanan da ke saman kowane ƙunshi, tun 1998 aka tsara shi. Lamba 46, da ake kira EF, ita ce ta murya. Microsoft ma sun ba da shawarar 46 ga muryar Teams, 34 ga hoto, 18 ga nuna allo. Amma tambarin yana da daraja ne a cikin gidanki kawai. Da ya fita intanet, kamfanoni da yawa suna goge shi ko su yi biris da shi. Kada wani ya karɓi kuɗinki ya ce zai sa muryarki ta samu fifiko har Ingila. Iyakar mulkinki ƙofar gidanki, kuma sa'a ita ce mafi yawan cunkoson a nan yake.

Alaramma Gyallesu: Ina da tambaya da ba ta na'ura ba. Yaron nan mai bidiyon biki, kuɗinsa ya biya kamar kowa. In aka danne shi aka fifita wata, ba a ci haƙƙinsa ba? Ina tambaya ne da gaske, domin mai shago amana ce a hannunsa.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, wannan ta tsaya mini a rai ni ma. Yaron bai yi laifi ba, bai ma san abin da ke faruwa a ɗakin ciki ba.

Sarkin Kebul na PZ: Shagonsa ne, yadda ya ga dama zai raba.

Alaramma Gyallesu: A'a Sarki, ba haka ciniki yake ba. In ka sayar wa mutum awa ɗaya, ya san abin da ya saya.

Injiniya Maman Aisha: Allah ya gafarta Malam, mu auna abin da kowa ya rasa. Gigabait 2 a megabit 4.8 yana ɗaukar kusan minti 56. In malama ta ɗauki 1.5 daga cikin 4.3, yaron ya rage da 2.8, aikinsa ya koma wajen awa ɗaya da minti 35. Ba ƙaramin ƙari ba ne, ba zan ɓoye ba. Amma fayil ɗinsa zai isa cikakke, ko harafi ba zai ɓace ba. Ita kuwa kalmar da ta tsinke a gaban masu jarrabawa ba ta dawowa. Kuma a halin da ake ciki yanzu, ba adalci ake yi ba: mutum ɗaya ne ya kwashe hanyar duka, sauran 13 suna jira, shi ma bai sani ba. Da kiran ya ƙare, rabonta yana komawa ga kowa nan take, ba a ajiye shi a banza.

Alaramma Gyallesu: To in haka ne, abu biyu. A rubuta a manna a bango cewa kiran karatu da jarrabawa suna gaba, kowa ya shigo da saninsa. Sannan wanda aikinsa ya yi tsawo saboda haka, kada a caje shi ƙarin lokacin.

Baban Khalifa: Na karɓa, Malam. Wanda ɗorawarsa ta haɗu da irin wannan kira, ƙarin mintocin a kaina.

Mai Kyamarar Masallaci: Ku ba ni wuri in sa baki, don mun sha irin wannan a azumin bara. Muna watsa tafsiri kai tsaye a Facebook, na saita manhajar watsawa, OBS, a kilobit 2500. Kullum da an fara lafiya, bayan minti goma sai 'yan ƙasar waje su fara rubuto cewa yana tsayawa. Ashe wayoyin 'yan agaji ne, da sun shigo sun kama Wi-Fi sai su fara tura hotunan yini zuwa ma'ajiyar Google. Mu matsalarmu ta fi taka, don watsawar ta ƙofa 443 take bi, ba ta da bambanci da sauran. Sai muka ba kwamfutar watsawa adireshi tsayayye, muka fifita adireshin kansa. Baban Khalifa, tunda ɗaki ɗaya ne kake haya don kira, me zai hana ka yi haka? Duk manhajar da aka buɗe a ɗakin ta samu, ba ruwanka da lambar ƙofa.

Malam na Kongo: Wannan ta fi tawa sauƙi, na sallama.

Yaro Mai Linux: Ni ma. Ɗakin ciki da rabonsa, sauran shago a ƙarƙashin CAKE su raba daidai. Sai dai a kula, kwamfutar ɗakin kada ta fara sabunta Windows tsakiyar kira, don za ta yi amfani da fifikon ta cuci kanta. A dakatar da sabuntawa kafin a fara, a rufe OneDrive da makamantansa.

Baban Khalifa: Jama'a, ga rahoto. Na kashe fasttrack, na sake kunna akwati. Uwar layi 17 da 4.3. Ɗakin ciki adireshi tsayayye, rabon da ba a taɓawa megabit 2 sama da ƙasa, fifiko na 1. Sauran CAKE. Na sa yarana biyu suna ɗora fayil, na uku yana kallon ƙwallo, na kira ƙanwata da ke Kaduna ta bidiyo daga ɗakin. Ping bai wuce 65 ba. Minti goma sha biyar muna hira, har kukan jaririnta ina ji tsaf. Alhamdu lillahi. Amma da daddare wajen ƙarfe takwas da rabi na sake gwadawa, ya koma hawa 300 zuwa 400. Me na ɓata?

Injiniya Maman Aisha: Ba ka ɓata komai ba. Kashe layukan na minti biyu a daidai wannan lokacin ka auna gudu.

Baban Khalifa: Na auna: 11 da 3.1.

Injiniya Maman Aisha: Ka gani. Hanyar da ka saya ta tarayya ce, da dare kowa a unguwa ya hau, rabonka ya ragu. Kai ka ce wa akwatinka 4.3, hanya kuwa 3.1 take bayarwa, don haka layi ya sake komawa can waje. Wannan ita ce wahalar rediyo, da 4G, har da Starlink ɗin da Ɗan Kwangila yake so, duk gudunsu hawa da sauka yake. Masu manhajar rauta ta OpenWrt suna da wani ɗan shiri, cake-autorate, da ke bin jinkiri yana gyara lambar da kansa. Kai abin da ya fi maka sauƙi shi ne mai tsara lokaci da ke cikin akwatin: daga bakwai na yamma ya sauke iyaka zuwa 10 da 2.8, da asuba ya mayar. Ka auna kwana uku a jere tukuna, safe, azahar da dare, ka ɗauki mafi ƙanƙanta a kowane lokaci. In damina ta sauka ka sake aunawa, ka kuma duba ko iska ta karkata farantin.

Hajiyar Tudun Wada: Injiniya, mu a makaranta manhajar fayawol ta pfSense wani ya sa mana a tsohuwar kwamfuta. Duk wannan zai yiwu a can?

Injiniya Maman Aisha: Zai yiwu, Hajiya. A ɓangaren tsara zirga-zirga akwai masu iyakance gudu, ki sa a yi biyu, na sama da na ƙasa, a zaɓi FQ-CoDel, a ɗaura su da doka a fayawol. A akwatin fayawol na FortiGate ma akwai rabon tabbas da iyakar sama da fifiko hawa uku. Sunaye ne suka bambanta. Ki turo mini awon gudunku da ping ɗin nan biyu in duba.

Ɗan Kwangila: Oga, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Malamar da kwamfutarta za ta zo ko da taka za ta yi?

Baban Khalifa: Da tata ta zo wancan karon, ta hau Wi-Fi.

Sarkin Kebul na PZ: Subhanallahi, Wi-Fi ɗin da wayoyin ɗalibai ashirin suke kai? To ai fayawol ba ya mulkin iska. Can ma wani layin ne daban, ga katangar siminti tsakaninta da na'urar. Kuma in ta hau Wi-Fi ba za ta samu adireshin da ka fifita ba. A ja mata waya. Mita nawa ne daga akwatin zuwa ɗakin?

Baban Khalifa: Ba zai wuce 12 ba. Sai dai kwamfutarta irin siraran nan ce, ban ga ramin kebul a jikinta ba.

Sarkin Kebul na PZ: Akwai ɗan abin haɗi na USB, ina da guda biyu a shago. Shi za a ɗaure wa adireshin, duk kwamfutar da aka soka wa ta samu fifikon. Zan zo da shi da wayar Cat6 mita 15 ranar Asabar bayan la'asar. Ka ce mata ta zo da kwamfutar ranar, mu yi kiran gwaji a daidai lokacin da za ta yi na gaske.

Baban Khalifa: Allah ya kai mu. Ƙarfe huɗu na yamma aka sa mata, zan kira ta yanzu in faɗa mata.